Dare Ɗaya a Tafkin Erie: Yadda Na Ga Aikin Jirgin Haya na Kamun Wolai

Asabar ta biyu a watan Nuwamba muka bar Columbus, babban birnin jihar Ohio a Amurka, bayan sallar azahar, mu huɗu a mota ɗaya: ni da Kawu, sai abokan aikina biyu, ɗaya Badamagare, ɗaya haifaffen zangon Kumasi. Awa biyu da 'yan mintoci a kan babban titin I-71 suka kai mu Cleveland, birnin da ke bakin tafkin Erie. Dala 600 muka haɗa muka ɗauki hayar jirgi da mai shi na awa biyar, daga faɗuwar rana zuwa goma na dare. Tun da muka dawo ake tambayata ko kuɗin sun yi amfani. Sun yi, kuma zan koma, amma akwai abin da ya kamata a sani kafin a biya.

Kifin da muka je nema shi ne wanda mutanen nan ke kira walleye, a bakinmu ya zama wolai. Dogo ne, bayansa ruwan zinariya mai duhu, da farin tabo a ƙasan wutsiya, da haƙora kamar allura. Sirrinsa yana ido. A bayan idon akwai wata shimfiɗa mai mayar da haske, irin wadda ke sa idon kyanwa ƙyalli in an haska ta da dare, saboda haka yana gani a duhun da ƙananan kifaye ba sa gani. Da kaka, in ruwa ya fara sanyi, garken ƙananan kifayen da yake ci kan matso gaɓa, shi kuma ya biyo su, in dare ya yi ya taso sama ya yi farauta. Wannan ne ya sa a watan Nuwamba za ka ga fitilun jirage birjik a wajen katangar duwatsun da ta kare tashar Cleveland.

Mai jirgin dattijo ne, ba shi da yawan magana. Rana ta faɗi da biyar da 'yan mintoci, na ce masa muna son yin magariba kafin mu tashi. Ya ce mu yi a natse, ya ma kashe injin da ya riga ya tayar har muka sallame. Daga nan ya duba takardar izinin kamun kifi ta kowannenmu a waya, ya nuna mana inda rigunan ceto suke, ya faɗi dokar jihar Ohio: wolai shida ga kowane mutum a rana, kuma duk wanda bai kai inci 15 ba ruwa zai koma. Sai ya ƙara tasa dokar, wadda ya maimaita har sau biyu. Kada wanda ya haska farar fitila a kan ruwa, kada a buga ƙafa ko a jefar da abu a kan daɓen jirgi. Ya raba mana fitilun goshi masu jan haske.

Kawu a Yauri ya tashi, cikin Sarkawa, ya san kogin Kwara tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968. Shi abin da ya sani, a shimfiɗa mamari da yamma a zo a ɗaga da asuba, ko a jefa birgi. Da ya ga sandunan fatsa jere a gefen jirgi, ya sunkuyo ya ce mini, "Kai yaro, ina abin da za a sa wa ƙugiyar? Ban ga tana ba, ban ga ɗan kifi ba." Na ce, "Kawu, roba za su ci." Ya girgiza kai bai ce komai ba.

Ga yadda aikin yake. Ba tsayawa ake yi a jefa fatsa ba, jirgin ne ke tafiya a hankali yana jan ta a baya. A ƙarshen kowane zare akwai ɗan kifin roba siriri, tsawonsa ya kusa taƙi, da ɗan harshe a baki wanda ke sa shi nitsewa kaɗan yana rangaji kamar kifin da ya ji ciwo. Mai jirgin ya fi yarda da iri biyu, Husky Jerk na kamfanin Rapala da Perfect 10 na Smithwick, dukansu da 'yan ƙwallaye a ciki masu kacau-kacau. Zai saki zare ƙafa ashirin, ko talatin, ko arba'in, yana duban ɗan agogon da ke jikin abin naɗe zaren, sannan ya maƙala wani ɗan allo a jikin zaren ya sake shi a ruwa. An yanke gaban allon a karkace, saboda haka ruwa na tura shi gefe, ya yi nesa da jirgi ya ja ɗan kifin robar zuwa inda ƙarar inji da inuwar jirgi ba su firgita kifi ba. Kowane allo da 'yar fitilarsa. Huɗu a dama, huɗu a hagu, a jere kamar sahun salla, suna tafe tare da mu cikin duhu, ga fitilun benayen Cleveland a can baya. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba.

Abin da na fi yaba wa mutumin nan shi ne bai ɓoye mana dalilin komai ba. Na tambaye shi me ya sa muke tafiya kamar hawainiya, gudunmu bai wuce mil ɗaya da rabi a awa ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ya nuna mini na'urar da ke auna ruwa: digiri 9 a ma'aunin Selsiyos. Ya ce a irin wannan sanyi kifin ba ya son wahalar da kansa da tsere, abin da ya zo masa a sannu shi yake kai wa cafka. Na ce to me ya sa ba a nitsar da robar can ƙasa ba, tunda ruwan da ke ƙarƙashinmu ya fi ƙafa talatin? Ya ce wolai daga ƙasa yake kallon sama, in ka bi ta ƙarƙashinsa ka wuce shi bai gan ka ba. Kuma mai jirgin ba ya tafiya miƙe. Yakan karkata jirgin hagu, ya dawo dama, ta yadda allunan gefe ɗaya za su ƙara sauri na ɗaya gefen su lafa. Gefen da aka fi samun kamu shi ke gaya masa gudun da kifin ke so a daren. A nan ne Kawu ya fara gyaɗa kai. Ya ce in gaya wa mai jirgin cewa ya san ruwa.

Awa guda da kwata ba mu ga komai ba. Ina faɗin wannan don kada wani ya zo da zaton daga tashi sai kamu. Can wajen bakwai saura, fitila ta biyu a hagu ta fice daga sahu ta ja baya a hankali. Ba fisga, ba tsalle, ja da baya kawai. Mai jirgin ya zare sandar ya miƙa wa Kawu, ya ce kada ya fizga, ya dai yi ta naɗewa ba tsayawa. Da allon ya iso ya cire shi da hannu ɗaya, zaren bai yi sako-sako ba ko na ƙiftawar ido, domin a daidai nan ne yawancin kifi ke kuɓucewa. Sai ga idanu biyu suna walƙiya a cikin jan haske. Ya zura koma mai dogon mariƙi ya kwaso shi. Inci 27. Kawu ya tsuguna ya daɗe yana duban idon, ya ce, "Ikon Allah. Wannan ai ɗan'uwan giwan ruwa ne, shi ma haka idonsa yake yi da dare."

Wanda ya saba da giwan ruwa ko babbar tarwaɗa kada ya sa ran kokawa. Wolai nauyi gare shi, da girgiza kai in ya kusa jirgi, shi ke nan. Daɗin abin yana cikin zura wa fitilun ido da kuma lokacin da ɗaya ta motsa. Kafin goma mun kama goma sha huɗu, mun mayar da ɗaya da bai kai ba, uku sun kuɓuce. Mafi girma ya ɗan haura inci 29. Mai jirgin ya ce wolai da ya kafa tarihin girma a Ohio a wannan tafki aka kama shi, a watan Nuwamban 1999, nauyinsa fam 16 da ɗoriya, kuma yawan kifin da ake gani a shekarun nan albarkar ƙyanƙyasar 2018 da 2019 ce.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Lokacin da na kira don kama rana, abin da aka ce mini kawai shi ne mu sa kayan sanyi. Wannan bai isa bayani ba. Sanyin kan ruwa da dare a Nuwamba daban yake da na cikin gari, jirgin kuwa ba shi da rumfa mai rufi, sai gilashin gaban direba. Abokina Badamagare ya zo da takalmin motsa jiki da safa ɗaya, kafin takwas ya daina jin yatsunsa, sauran daren a takure ya yi shi. Da an ce mana mu zo da takalmi mai hana ruwa, da safar ulu, da wando mai tare iska, da mun zo da su. Sannan Erie shi ne mafi rashin zurfi a cikin manyan tafkunan nan biyar na Arewacin Amurka, matsakaicin zurfinsa wajen mita 19 ne, shi ya sa iska kaɗan ke tayar da shi. Wajen tara iskar arewa ta fara, jirgin ya shiga tangaɗi, ɗan Kumasi ya yi amai sau biyu. Mai hawan jini ko mai saurin jiri ya sha magani tun a gida. Na uku, sai da muka sauka aka ce gyaran kifi kuɗinsa daban. Kuɗin ba su da yawa, kuma mai jirgin ya iya aikin, amma a faɗa tun farko ya fi.

Gyaran nasa ma abin kallo ne. Ya fere tsoka daga kowane gefe, ya ja layin ƙananan ƙayoyin tsakiya ya fita kamar an zuge zif, sannan ya ƙwaƙulo 'yar tsokar kumatu, wadda ya ce ita ce ta mai gida. Kawunan da ƙasusuwan zai zubar, Kawu ya riƙe masa hannu. Muka ƙulla su a leda muka taho da su, washegari uwargida ta yi mana farfesu da citta da kanumfari da attarugu. Tsokar kuwa fara ce sol, ba ƙarni, aka soya ta da garin masara aka barbaɗa yajin ƙuli. Sauran muka raba gida huɗu muka sa a firiza, tunda hukumomin Ohio na ba da shawarar kada a wuce ci sau ɗaya a mako daga kifin da aka kamo a ruwan jihar.

Wanda zai je, ya tambayi mai jirgi abu uku a waya: ko akwai rumfa, me zai faru da kuɗinsa in iska ta hana fita, da nawa ne gyaran kifi. Ya sayi takardar izini ta intanet kafin ya baro gida, ya cika fulas da shayi mai citta, ya tanadi ɗan ihsani na mai jirgi, don al'adarsu ce a nan. Mu mun riga mun kama rana a Nuwamba mai zuwa in Allah ya kai mu. Kawu ya ce a wannan karon shi zai saki zaren da hannunsa, ya kuma sa na saya masa ɗan kifin roba guda biyu, shuɗi mai ruwan azurfa da baƙi mai ruwan zinariya, yana ajiye da su a aljihun jakarsa.