Hawan Duwatsun Shere Tare da Masu Jagora: Sharhi Ga Mai Son Farawa

Duk mazaunin Jos ya saba hango duwatsun Shere daga gabashin gari, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa hawansu, balle su kwana a can. Na biya kuɗi na bi wata ƙungiyar matasa da ke shirya wa sababbin shiga tafiyar ƙasa da kwanan daji a ƙarshen mako, kuma kuɗin ya haɗa da mota zuwa gindin dutse, da jagora, da hayar tanti da jakar goyo, da abincin dare. A ganina jagoran ya ci kuɗinsa har da ƙari, kayan hayar kuwa ba su kai abin da aka karɓa ba.

Ƙololuwar Shere ta kai kimanin mita 1,829, ita ce wuri mafi tsayi a tudun Jos, amma da yake garin kansa yana sama da mita 1,200, tsayin ba shi ne abin tsoro ba. Wahalar tana wajen sanin hanya, domin manyan duwatsun sun yi kama da juna, kuma waya takan rasa sabis a tsakaninsu. Jagoranmu ɗan ƙabilar Afizere ne, a yankin aka haife shi, kuma tun kafin mu ɗaga ƙafa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba takalmanmu. Ya zazzage jakata a kan dutse ya sake shirya ta: bargo a can ƙasa, gorunan ruwa a tsakiya su manne da gadon baya, tocila da abin taɓawa a sama. "Malam, kowace lita ta ruwa kilo guda ce," in ji shi, "idan ta yi nesa da bayanka, ita za ta riƙa jan ka."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya sa wanda ya fi kowa rashin sauri a gaba, sauranmu muka bi takunsa, saboda haka babu wanda aka bari a baya yana haki. A wajen gangarowa, inda mafi yawan mutane ke faɗuwa, ya koya mana mu ɗan lanƙwasa gwiwa, mu juya gefe, mu rage faɗin taku. Bai wuce wata gona ba sai ya tsaya ya ce "Baba, sannu da aiki," wannan kuwa ya sa mutanen ƙauyukan suka karɓe mu hannu bibbiyu. Ya kuma tsayar da tafiya a lokutan salla ba tare da an roƙe shi ba, ko da yake shi ba Musulmi ba ne.

Kayan hayar su ne suka rage mini jin daɗi. Jakar da aka ba ni ba ta da ɗamarar ƙugu, don haka nauyin duka ya sauka a kafaɗa, alhali jakar kirki a kan ƙugu take ɗora mafi yawansa. Zif ɗin tantin ya lalace, ba a kuma ba mu abin shimfiɗa mai kauri ba. A hunturu muka je, kuma duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu ya san cewa a saman dutse ya fi haka tsanani. Ƙasa ta kwana tana zuƙe ɗumin jikinmu kamar randa. Bai kamata masu karɓar kuɗin sababbin shiga su taƙaita gargaɗinsu a kan "ku zo da rigar sanyi" ba. Akwatin maganinsu ma filasta da man zafi ne kawai a ciki.

Ga mai son farawa, ina ba da shawarar ya fara da tafiyar wuni, ya dawo gida ya kwana, kafin ya gwada kwanan daji. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duwatsun a bushe suke. Da damina kuwa, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, gansakuka takan sa su santsi, ga kuma haɗarin tsawa a wuri mai tudu. Ba sai an sayi takalmi mai tsada ba, domin a gwanjon kasuwar Katako ana samun mai ƙarfi da ƙasansa ke kama dutse, sai dai a riƙa yawo da shi a gari tukuna, da safa mai kauri, don kada ƙafa ta yi bororo. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kilishi sun ishi mutum guzuri, ba su da nauyi, ba sa lalacewa. A kuma sanar da mutanen gida inda za a da lokacin dawowa.

Zan sake bin wannan ƙungiya saboda jagoranta, amma da jakata da shimfiɗata. Wanda zai yi haya kuwa, ya nemi a kafa masa tantin a gabansa, ya goya jakar da kaya a ciki ya ɗan zagaya da ita, kafin ya biya ko sisi.