LABEL, UUID ko PARTUUID: wanne ya kamata ka rubuta a fstab?

Ka bar filash a jikin kwamfutar Linux ka sake kunna ta, sai ka tarar faifan da ka sani da /dev/sdb ya koma /dev/sdc. Kernel, wato zuciyar Linux, shi ne ke raba waɗannan sunaye, wanda ya fara gani shi yake fara raɗa wa suna. In da su ka cika /etc/fstab, fayil ɗin da ke gaya wa Linux faifan da za ta ɗaura da inda za ta ɗaura shi yayin tashi, wata rana kwamfutar za ta ƙi tashi, ko ta ɗaura maka faifan da ba shi kake nufi ba. Ka fid da su daga lissafi tun yanzu.

UUID lambar shaida ce da ɓangaren faifai (partition) ke samu lokacin fomat, ita Ubuntu da Debian ke rubutawa da kansu a fstab lokacin girkawa. A tsarin fayil na ext4 haruffa da lambobi 32 ne, da wuya faifai biyu su yi karo. Amma ba ta haddatuwa, kuma duk sanda ka yi wa ɓangaren fomat sabuwa za ta fito. Abin da ya fi cizon mutane shi ne kwafe faifai ɗungurungum da umarnin dd: biyun sai su zama tagwaye masu lamba ɗaya. Maganinsa, ka sauke kwafin, ka ba shi sabuwa da tune2fs -U random.

LABEL kuwa laƙabi ne da kai ka zaɓa. Ka buga e2label /dev/sdb1 ajiya, a fstab ka rubuta LABEL=ajiya, ko bayan shekara ka duba za ka gane. Ext4 na karɓar haruffa 16, XFS 12, FAT 11. Babu mai hana ka sa wa faifai biyu laƙabi ɗaya, nan ne hatsarinsa. Sai dai ni a nan nake ganin amfaninsa: mai faifan ajiya biyu da yake musanyawa duk mako, layi ɗaya ya ishe shi, muddin bai jona su tare ba. Sai ya ƙara zaɓin nofail a layin, don kada rashin faifan ya tsayar da kwamfutar.

PARTUUID lambar ɓangaren ce shi kansa, a teburin ɓangarori take, saboda haka fomat ba ya taɓa ta, kernel ma yana gane ta ba sai da initramfs ba, wato ƙaramin tsarin wucin gadi da ake lodawa a farkon tashi. Ita Raspberry Pi OS ke amfani da ita.

Shawarata, faifan ciki a ba shi UUID, na cirewa a ba shi LABEL. Ka kwafo lambar daga lsblk -f, kada ka buga da hannu, sannan ka gwada findmnt --verify da mount -a kafin ka sake kunnawa.