Settings ko danna dama: wanne ya fi wajen canza manhajar da ke buɗe fayil?

Malam, ka ce ka koma kwamfuta mai Windows 11, duk PDF ɗin da ka taɓa Edge, burauzar Microsoft, ne ke buɗe shi alhali ka sa Adobe Reader, kana tambaya ko ta Settings za ka bi ko akwai gajeriyar hanya. Hanya biyu ce, kuma don matsalarka ni danna dama zan ce ka yi.

Dalili kuwa, Windows ba ruwanta da cewa wannan takarda ce, wancan bidiyo. Wutsiyar sunan fayil take dubawa, .pdf ko .mp4 ko .mkv, kowace wutsiya da manhajar da aka ɗaura mata. Tunda wutsiya ɗaya ce ke damunka, ka ɗora linzami a kan fayil ɗin, ka danna dama, ka shiga Open with, sai Choose another app, ka zaɓi Adobe. A nan ake yin tuntuɓe. Ƙasan akwatin maɓalli biyu ne kusa da juna, Always da Just once. In hannunka ya sauka kan na biyun, sau ɗaya kaɗai ka gyara, kana sake buɗe fayil ɗin Edge ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Always za ka danna.

Ita kuma Settings, danna maɓallin Windows tare da harafin I ke buɗe ta, sai Apps, sai Default apps. A Windows 10 abin da sauƙi yake: ga gurbin bidiyo, ga na hoto, ga na waƙa, ka sa VLC, manhajar kunna bidiyo, sau ɗaya an wuce wurin. Da Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 aka cire waɗannan gurabe. Yanzu in ka danna VLC, jerin wutsiyoyi ne zai zubo maka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ka gaji. Gara ka gyara biyu ko ukun da kake amfani da su ka bar sauran.

Inda Settings ta ci tuta shi ne burauza. Mahaɗin intanet ba fayil ba ne da za ka danna masa Open with. Bayan mutane sun yi ta ƙorafi, a 2022 Microsoft ta ƙara maɓallin Set default a saman shafin Chrome ko Firefox a cikin Default apps, dannawa ɗaya ya isa. Amma kada ka yi mamaki in ka nemi abu ta akwatin binciken Start ka ga sakamakon intanet ɗin ya buɗe a Edge.