Madarar gwangwani ko garin kunun gida? Amsa ga mai yaron da ba ya cin komai sai farar shinkafa

'Yar uwa, kin ce ɗanki mai otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ya kafe a kan farar shinkafa da kunu, kina tunanin ko ki sayi madarar ƙarin gina jiki ta gwangwani ko ki haɗa garin Tom Brown, wato garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa. Ki haɗa garin.

Nawa yaron shekararsa shida, kuma mun bi ta nan. Yadda nake yi: awo 6 na gero, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A soya waken da gyaɗar daban-daban, a fece, a kai inji, a tankaɗe sau biyu. Tankaɗen nan kada ki raina shi. Yaranmu ba taurin kai ke hana su ci ba, harshensu da hancinsu ne ke jin abin da namu ba ya ji. Tsaki ɗaya ya taɓa masa baki, an gama.

Kuskuren da na yi a farko shi ne zumuɗi. Na dama masa zallar garin, kala ta yi duhu. Ya leƙa kofin, ya shinshina, ya ture. Kwana huɗu ko kununsa na kullum bai yarda da shi ba, ni kuwa kuka har da majina. Da ya huce, sai na koma rabin cokalin shayi a cikin kunun da ya sani, a kofinsa shuɗi mai tsagaggen hannu, wanda ba a isa a canja ba. Kowane mako in ƙara kaɗan. Wata na uku ne na same shi a kicin yana jan zanina, yana nuna robar garin da yatsa. Yanzu har garin 'ya'yan kuka nake barbaɗawa, tunda fari ne kuma yana da sinadarin bitamin C. Zogale kam mun sha kaye, kore ne, ba ya ko kallonsa.

Ita madarar, gwangwani biyu na saya da kuɗi masu ciwo. Na farko ƙamshin banila ya kore shi. Na biyu ya sha, amma sai ta cika masa ciki ya daina taɓa shinkafar ma. Tana da ranarta idan likita ya auna yaro ya ga nauyinsa na raguwa, shi ke nan abin da zan ce a kanta.

Abin da ba ki tambaya ba: da zarar kin rubuta otizim a Facebook, masu talla za su cika miki akwatin saƙo. Wannan da garin "wanke ƙwaƙwalwa", wancan da ɗanyen nonon raƙumi, wai wata uku yaro zai yi magana. Babu abin sha da ke warkar da otizim, kuma nonon da ba a dafa ba yana iya ɗaukar ƙwayoyin cututtuka. Wasu za su ce ki yanke masa alkama da madara baki ɗaya. Yaron da abincinsa bai wuce kala uku ba, in kin cire biyu me ya rage? Duk gwangwanin da za ki saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki shafa ki ji ko liƙa wata aka yi a kai.

Kafin ki fara, ki tabbatar gyaɗa da waken soya ba sa sa masa ƙaiƙayi ko kumburi, kuma ki tsince gyaɗar da ta yi fumfuna. Ki kai shi a duba jininsa da haƙoransa, a tambayi yadda yake bayan gida. Nawa ashe taurin bayan gida ne rabin matsalarsa. In yana ƙwarewa ko tari lokacin haɗiya, wannan asibiti ne kai tsaye, ba maganar kunu ba.