Snapseed ta kwashe mini leda daga hoton duwatsun Birni

Duk mai ɗaukar hoto a Damagaram ya san abu biyu da ke ɓata masa rai: baƙar leda da wayoyin wuta. Ka tashi da sassafe, ka hau bayan Birni, rana ta fito ta zuba ja a kan manyan duwatsun nan, ka ɗauka. Sai ka dawo gida ka ga leda uku sun maƙale a ƙaya, waya kuma ta raba sama biyu.

Ƙanena ne ya sa mini Snapseed, manhajar gyaran hoto, a salula. Kyauta ce, tana aiki ko babu intanet, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin kuɗin megas. Kamfanin Nik Software ne ya fitar da ita a 2011, Google ya saye ta a 2012. Abin goge abu daga hoto yana cikin kayan aikinta, mai alamar filastar ciwo, Healing sunansa a Turance.

Abin da na gane bayan wata biyu shi ne, faci take yi, kamar tela. Inda ka shafa, sai ta ɗebo launin da ke kewaye da wurin ta rufe. Shi ya sa a kan sama, da rairayi, da hazon hunturu, wallahi ba ka gane an taɓa. Ledojin nan uku, taɓawa ɗaya-ɗaya suka tafi. Wayar kuwa sai da na buɗe hoton sosai da yatsu biyu, na bi ta guntu-guntu, kusan minti goma. In ka ja layi ɗaya dogo, tabo zai fito. Kada kuma ka manta da inuwa: na taɓa cire babur ɗin ɗan kabu-kabu, na bar inuwarsa kwance a ƙasa.

Inda na koyi hankali shi ne bangon wani tsohon gida a Birni, mai zane da zankwaye. Wata waya ta ratsa ta kan dagi. Na shafa da gaggawa, facin ya ɗebo zanen gefe ya liƙa, dagin ya sami ƙafar da magini bai yi masa ba. Raina ya ɓaci, domin aikin hannun wani ne na canja. Na danna kibiyar komawa baya, na bar wayar a wurinta. Tun ranar ba na taɓa bango mai zane, gara in matsa taku biyar in sake ɗauka.

Akuyar da ta hau dutse ma ƙanena ya ce in goge ta, na ƙi. Ina ajiye kwafi daban kullum, na asalin yana nan da ledojinsa. Wanda aka gyara shi na tura wa yayata a Kano, ta ce in wanko mata babba ta rataya a falo.