Za ka sake wa shafin shagonka fasali? Tsaya ka duba kafin ka biya

Toh jama'a, in shafin kasuwancinka na intanet ya tsufa har kana jin kunyar tura wa kwastoma adireshinsa, zaɓin da ke gabanka ba shi da yawa, amma kowanne da nasa ciwon kai.

Wix ko Squarespace, dandalin gina shafi da kanka, su ne masu sauƙi, ka ja hoto ka ajiye inda ranka ke so, da yamma ɗaya ma sai ka gama. Sai dai gidan haya ne. Da dala ake biya, kuma ranar da ka gaji da Wix ba za ka iya kwashe shafin ka kai wani wuri ba, sabon gini za ka tayar daga tushe. Shopify, dandalin buɗe shago a intanet, shi ma dalar ce, shi ya fi dacewa da mai kaya jibgi.

Ni dai WordPress na fi so. Tun 2003 yake, sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke, manhajar kyauta ce, masauki (inda ake ajiye shafin a intanet) da sunan shafi kawai za ka biya, ka ɗora WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafin shago, ka jona Paystack ko Flutterwave mutane su biya da naira. Amma fa kamar janareta yake, in ba ka yi masa sabis sai ya tsaya maka ranar da ka fi buƙatarsa.

In kuma mai tsara shafi za ka ɗauka, don Allah kafin ku yi ciniki ka ce sunan shafin, .com ne ko .com.ng, da imel ɗinka za a yi rajista. Mutane da yawa sai bayan sun saɓa da yaron suke gane makullin shagonsu a aljihunsa yake.

Kuma kar ya ruɗe ka da kyau a laftof ɗinsa. Mai neman shadda ko atamfa da waya take shiga, data kaɗan, sabis yana rawa, hoton ya ƙi buɗewa ta fita abinta. Ka sa ya rage nauyin hotuna, farashi ya fito ƙarara ƙarƙashin kowane kaya, maɓallin WhatsApp ya zauna inda babban yatsa zai kai. Ka gwada da PageSpeed Insights na Google mai auna saurin buɗewar shafi, kyauta ne, sannan ka miƙa wa ƙanwarka waya ka ce ta nemo kaya ɗaya ta yi oda, kai ka yi shiru ka ga inda za ta maƙale. Sai an gyara wurin za ka cika masa kuɗinsa.