Mai jiki da sayen keke: fara duba tayar baya

Ranar da sikelin asibiti ya nuna min kilo 118, likita ya ce jinina ya fara hawa, in nemi motsa jikin da gwiwata za ta iya ɗauka. Ko sassarfa na yi a lokacin, gwiwa kwana take tana zogi. A kan keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da kai, ƙafa juyawa kawai take yi. Sai na shiga kasuwa da zumuɗi na ɗauko wani jan keke mai sheƙi, sifirin gaba sifirin baya. Kwana tara ya yi min. Ina cikin tafiya bayan sallar asuba na ji "ƙas" daga baya, can kuma wani "ƙas", taya ta fara rangaji tana gogar birki. Da na tura shi wurin mai gyara, ya juya tayar da yatsa ɗaya, ya ce, "Alhaji, wannan ai na 'yan makaranta ne. Sifok biyu sun tsinke, sauran ma suna hanya."

Tun daga nan na gane cewa ƙarfen jikin keke ba kasafai yake karyewa ba. Tayar baya ce ke shan wahalar mai jiki, domin a kanta mafi yawan nauyi yake sauka. Don haka in ka je saye, tsuguna ka ƙirga sifok, wato siraran wayoyin da ke riƙe da rim. Wanda ya haura kilo 100 ya nemi 36 a baya. Mai 32 zai iya yi in an ɗaure shi da kyau kuma rim ɗin mai bango biyu ne, wato ƙarfensa ninki biyu. Ƙasa da haka, ka bar wa sirara. Ka matsa sifok biyu-biyu da hannu, in wasu sun yi tauri wasu suna lako-lako, tayar ba za ta daɗe ba.

Kamfanoni ma suna faɗin iyakar abin da kekensu zai ɗauka. Trek, alal misali, ya sa kilo 136 a yawancin kekunansa na daji (masu kaurin taya, na hanyar gargada) da na gari, kilo 125 a na tsere, kuma lissafin ya haɗa da nauyin keken kansa da kayan da ka ɗora. Ka cire kilo goma sha wani abu na keke, sai ka ga abin da ya rage maka.

Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, shi ne mutane ke fara ba mai ƙiba shawara a kansa, kuma suna da hujja. Keken da ke ɗauko buhun masara daga ƙauye ba zai ji tsoron mutum ɗaya ba. Tsofaffin na Ingila har sifok 40 ake sa musu a baya. Zama a kansa a miƙe yake, ciki ba ya takura, kuma duk lungun da ka shiga akwai mai gyaransa da kayansa. Matsalarsa biyu ce. Ba shi da giya, don haka a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin Kano ko Maraɗi lafiya lau, amma a hawan Jos ko Abuja gwiwar da kake lallaɓawa ita za ta biya. Sannan birkinsa na sanda a kan rim na ƙarfe, in ruwa ya taɓa shi, yakan ɗauki lokaci kafin ya kama, kuma tsayar da kilo 120 ba kamar tsayar da kilo 60 ba ne. Sababbin da ake kawowa yanzu ma ba duka ne suka kai na da ƙwari ba.

Keken tsere mai lanƙwasasshen kai da siririyar taya, ka haƙura da shi tukuna. Dole ka duƙa, tumbi ya danne numfashi, wuyan hannu ya ɗauki nauyi, ramin titi ɗaya kuma ya ishe shi faci.

Wanda ni nake ba da shawara a kai shi ne keken daji na hannu, irin na Kwatano, mai taya inci 26 kuma marar sifirin a baya. Ƙaramar taya ta fi babba ƙarfi in yawan sifok ɗaya ne, kuma tub da tayar wannan lamba ba sa wuya a kasuwa. Faɗin taya ya kai inci 2, shi ke shanye gargada da yashi. Giya kuwa ita ce rahamar mai jiki: ka sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri ba tare da ka danna da ƙarfi ba. Tsohon keke na kamfanin kirki ya fi sabo mai arha da aka cika wa ado. Sifirin mai arha an yi shi ne don marasa nauyi, da ka zauna zai nutse har ƙasa, ƙarfin da kake sawa a feda ya tafi a lilo. Kafin ka biya, ka bi wuraren walda da ido ko akwai tsaga, ka girgiza tayar baya gefe da gefe. In tana wasa, ko boris ya ci ko sandar tsakiya ta lanƙwashe, abin da ke yawan samun kekunan masu nauyi. Birki mai faifai da ake ja da waya ya fi kamawa a damina, amma na roba mai kyau ma ya wadatar a gari marar gangara.

Sirdi shi ke sa mutane jingine keke a zaure. Kowa yakan nemi mafi faɗi da laushi, alhali mai laushi sosai nutsewa yake ya goge cinya. Nemi mai matsakaicin tauri wanda faɗinsa ya dace da ƙasusuwan zamanka. Makon farko za ka ji ciwo ko wanne ka saya, yana wucewa. Tsayinsa kuma, in feda ta kai ƙasa, gwiwa ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Akwai kuma keken ɗaki, wanda ba ya zuwa ko'ina. Ga matan da hawa titi bai yi musu ba, ko mai gudun ranar bazara da ƙurar hunturu da 'yan adaidaita sahu, wannan zaɓi ne na gaske. Ana rubuta iyakar nauyi a kwalinsa, ka karanta. Mai ciwon baya ya nemi mai kujerar jingina. Aibinsa gundura, shi ya sa da yawa suke komawa wurin rataye kaya.

Kada kuma a ɗora wa keke abin da ba zai iya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mai kilo 100 da ya yi awa guda yana tuƙi a natse zai ƙona wajen kalori 400, kwalbar lemo ta rabin lita kuwa ta haura 200. In an sauko an rama da lemo biyu da malmalar tuwo uku, sikeli ba zai motsa ba. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likita kafin ya fara, kuma ya fara da minti 15.

Cikin kuɗin da ka tanada, ka ware na famfo da hular kwano da fitila, tunda yawancinmu da duku-duku muke fita. Iska kuma ka riƙa duba ta kowane mako, ka cika ta kusa da adadin da aka rubuta a gefen taya, don taya mai sanyi a ƙarƙashin mai nauyi ita ke cizon tub ta lotsa rim. Bayan sati biyu da fara hawa, ka mayar da keken wurin mai gyara ya sake ɗaure sifok ɗin baya. Nawa na yanzu haka na yi masa, kuma ya shekara ko ɗaya bai tsinke ba.